Kwalejin Al'umma ko Jami'a: Ina Ya Fi Dacewa a Fara Ilimin Zamantakewa?

Assalamu alaikum. 'Yar'uwarmu da ke zaune a Bronx, cikin birnin New York, ta ce tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, tana kuma da burin samun digiri a fannin jin daɗin jama'a, an shaida mata cewa za ta buƙaci kwas ɗin farko na ilimin zamantakewa. Tambayarta ita ce: ta ɗauke shi a kwalejin al'umma mai shekara biyu, ko ta nufi jami'a mai shekara huɗu kai tsaye? Malama, a ganina kwalejin al'umma ce ta fi dacewa da ke, amma bisa sharaɗi guda da zan yi bayaninsa a ƙasa.

Ta fuskar abin da za a koya miki, kusan babu bambanci. A wuraren biyu kwas ne na zango ɗaya, wajen mako 15, mai kiredit 3 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas da ake tarawa har a samu digiri), kuma ginshiƙansa ɗaya ne. Za a gabatar miki da Karl Marx, wanda ya kalli al'umma ta fuskar gwagwarmaya tsakanin masu dukiya da masu ƙwadago, da Max Weber, wanda ya yi nazarin alaƙar aƙida da tattalin arziki, da kuma Emile Durkheim na Faransa. Binciken da Durkheim ya wallafa a 1897 shi ne ya fi buɗe wa sabon ɗalibi ido, domin ya ɗauki kisan kai, abin da kowa ke gani lamari ne na mutum shi kaɗai da zuciyarsa, ya nuna da alƙaluma cewa ya fi yawa a tsakanin marasa aure fiye da ma'aurata, da kuma a tsakanin 'yan Furotesta fiye da 'yan Katolika, ya danganta hakan da ƙarfi ko raunin zumuncin da ke riƙe da mutum. Daga nan sai a shiga batun iyali, da launin fata, da talauci, da ƙaura, da hanyoyin gudanar da bincike. Wasu malaman kan ambaci Ibn Khaldun, wanda tun a ƙarni na 14 ya yi bayanin asabiyya, wato haɗin kan da ke ɗaga daula ya kuma kayar da ita idan ya yi rauni. Akwai darasi kan addini ma, kuma yana da kyau ki sani tun yanzu cewa ba a zama don yanke hukunci kan gaskiyar wata aƙida. Abin da ake dubawa shi ne yadda masallaci ko coci ke tara mutane, ya tsara aurensu da taimakon junansu.

Inda hanya ta rabu shi ne cikin ajin kansa. A manyan jami'o'in bincike na Amurka akan tara ɗaruruwan ɗalibai a babban ɗakin lakca don irin wannan kwas, farfesa yana can gaba da makirufo, ɗaliban digiri na uku kuma su ne ke duba takardu. A kwalejin al'umma aji bai cika wuce mutum talatin da 'yan kai ba, kuma malamin da ya koyar shi ne zai karanta rubutunki da hannunsa. Gaskiya ne a jami'o'in gwamnati na cikin birni irin su Lehman wannan tazarar ba ta kai haka ba, kuma a ɓangarorin biyu akwai malaman wucin gadi da yawa. Sai dai abin da ya fi jan hankalina shi ne mutanen da ke zaune a kujerun. Ajin dare a kwalejin al'umma za ki tarar da mace sanye da kayan aikin asibiti ta taso daga aiki, ga direban tasi, ga uwa da ke leƙa waya don jin ko yara sun yi barci. Idan malami ya kawo batun albashi ko ƙaura, waɗannan ba daga littafi suke magana ba. Ke kanki kina da abin faɗa: adashen da matan Afirka ta Yamma ke yi a unguwarku, inda ake zuba kuɗi ba takarda ba shaida sai amana, ya isa a rubuta cikakken aikin gida a kansa, domin tambayar abin da ke hana wadda ta riga ta kwashe guduwa tambaya ce ta ilimin zamantakewa tsantsa.

Batun kuɗi a fili yake. A tsarin CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin New York, wadda cikin makarantunta akwai Bronx Community College da Hostos masu shekara biyu da kuma Lehman mai shekara huɗu, farashin da aka ɗauki shekaru ana biya ga mazauna birnin shi ne dala 210 kan kowane kiredit a kwalejin al'umma, da dala 305 a mai shekara huɗu. Ke nan wannan kwas zai ci dala 630 a kwalejin al'umma, dala 915 a mai shekara huɗu, ban da ƙananan kuɗaɗen rajista. Tallafin gwamnati da ake nema ta fom ɗin FAFSA yana aiki a duka biyun ga wanda ya cancanta, sannan shirin ASAP da aka fara a 2007 yana taimaka wa masu karatun shekara biyu da kuɗin littattafai da katin shiga jirgin ƙasa da bas da mai ba da shawara, amma yana buƙatar karatu na cikakken lokaci, abin da zai yi wa mai aiki irin naki nauyi.

Jami'a tana da nata fifikon, ba kuma ƙarami ba ne. A can ne ake da manyan kwasa-kwasai na gaba, da malamai masu gudanar da bincike, kuma wanda ya fara a can ba ya da ɗawainiyar sauya makaranta a tsakiyar tafiya.

Wannan sauyin shi ne sharaɗin da na ambata. Digirin kwalejin al'umma kiredit 60 ne, na jami'a 120, kuma ba dole ba ne jami'a ta karɓi duk abin da kika kawo mata. Wani rahoto da ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka, GAO, ya fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Wannan asarar kuɗi ce da shekaru, kuma ta fi yi wa talaka ciwo. A cikin CUNY lamarin ya yi sauƙi tun 2013, lokacin da aka kafa tsarin Pathways domin kwasa-kwasan gama-gari su bi ɗalibi daga wannan kwaleji zuwa waccan. Duk da haka, tun ran gini ran zane: karɓar kwas a matsayin na gama-gari daban, lissafa shi cikin sharuɗɗan sashen jin daɗin jama'a daban. Haka kuma ki lura da irin digirin da za ki yi rajista a kai, domin a cikin digirorin shekara biyu, waɗanda ake kira AA da AS an tsara su ne don mai niyyar wucewa jami'a, shi kuwa AAS an gina shi don shiga aiki kai tsaye, kwasa-kwasansa ba su cika wucewa gaba ɗaya ba.

Shiga kwalejin al'umma ba ta da wuya, takardar kammala sakandare ko makamanciyarta ta wadatar, ko da yake ta gida irin ta WAEC sai an tantance ta. Kwas ɗin yana da karatu da rubutu da yawa cikin Turanci, don haka idan kina jin hannunki bai faɗa ba, akwai shirin koyon harshe na CLIP da cibiyar taimakon rubutu a kwalejin. Kafin ki biya ko sisi, ki je sashen jin daɗin jama'a na jami'ar da kike hari, ki nuna musu sunan kwas ɗin da lambarsa, ki roƙi su ba ki amsa a rubuce ta imel cewa za su lissafa shi, sannan ki adana amsar. Allah ya ba da sa'a.