Wace rauta zan saya wa shagon wifi?

Duk mai shirin buɗe kafe ko sayar da wifi a unguwa tambayarsa ɗaya, ina sabis ɗin rautar (na'urar da ke raba intanet) ke kaiwa, mutum nawa take ɗauka. Ba mai tambayar ko har yanzu kamfanin na turo mata ofdet, alhali nan gizo ke saƙar.

Abin tsoron shi ne harin cunkoso, wato DoS, a yi ta antayo wa na'ura buƙatu har ta shaƙe, ko mafi muni a kama taka rautar a haɗa da dubbai a kai wa wani hari da datarka, kai kuma kana zaune kana tsine wa netwok. Haka wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi a 2016, ta bi kyamarori da rautocin da aka bar su da fasuwod ɗin kamfani, a watan Oktoba aka afka wa Dyn, kamfanin da ke nuna wa na'urori adireshin manyan shafuka, sai ga Twitter da Netflix sun ƙi buɗuwa a Amurka.

TP-Link akwai araha ga sauƙin saiti, gida ko ƙaramin shago ta wadatar. Amma ka duba lambar samfurin a shafinsu tukuna ka ga ko tana samun ofdet, don a 2023 Mirai ta shiga samfurinsu Archer AX21 ta wata ɓaraka, an fitar da gyara, wanda bai ɗora ba ya zauna a buɗe.

MikroTik ita masu sayar da tikitin wifi suka fi so, kuma gaskiya ta cancanta, tana raba wa kowa gudunsa, tsofaffin samfura ma suna samun ofdet shekara da shekaru. Sai dai fa ba ta yafe sakaci. A 2018 an gano ɓaraka a Winbox, manhajar da ake saita ta da ita, ana kwashe fasuwod, har 2021 Meris, wata rundunar na'urorin da aka kama, da rautocin MikroTik ta yi ɓarna. Sannan in ka kunna mata amsa DNS, wato tambayar adireshin shafuka, ba ka toshe ɓangaren waje ba, ɓarawo zai aiko 'yar tambaya da adireshin wani, rautarka ta jibga wa bawan Allah ƙatuwar amsa. In ba ka da wanda ya iya saitinta, ka saka kuɗinsa cikin lissafi tun yanzu.

Ta gwanjo kuwa ni dai a'a, sai in tana cikin waɗanda OpenWrt ke ɗauka, wato manhajar kyauta da ake maye ta kamfani da ita, kuma za ka iya ɗorawa da kanka.

Ni dai in don kafe ne MikroTik zan saya, kuma ranar da ta iso kafin kwastoma ko ɗaya ya hau zan ɗora ofdet, in canza fasuwod, in kulle telnet da UPnP, hanyoyin da ɓarawo kan bi ya shigo.