Sharhi kan sabbin farfelu da buɗe iyakar gudu a ƙaramin jirgin ɗaukar hoto

Gyara iri biyu aka yi wa jirgina mara matuƙi, wanda nauyinsa bai kai giram 250 ba. Na sauya farfelunsa da na wani kamfani na daban, masu kauri da zurfin murɗa fiye da na asali, sannan na ba wani mai gyara ya shiga manhajar da ke tafiyar da jirgin ya ƙara kusurwar da aka yarje masa ya sunkuya gaba. Wannan na biyun shi ne tushen lamarin, domin jirgi mai farfela huɗu ba ya da abin da ke tura shi daga baya. Sunkuyawa yake yi, sai wani ɓangare na ƙarfin da ke ɗaga shi ya koma ja gaba. Masu ƙera shi kan taƙaita sunkuyawar da gangan, shi ya sa jirgi irin DJI Mini 4 Pro ke tsayawa a mita 16 cikin daƙiƙa, babban Mavic 3 kuwa a mita 21.

Gudun ya ƙaru, ba shakka, amma ƙarin bai kai abin da aka kwatanta mini ba. Inda na fi jin daɗinsa shi ne dawowa gida a kan iska mai ƙarfi, wurin da a da jirgin kan yi ta kokawa yana tafiya da ƙyar alhali batir na ƙarewa. A wannan fannin kaɗai na ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Sauran kuwa asara ce. Tirjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ake buƙata don keta ta kuma ya ninka kusan takwas, saboda haka ɗan ƙarin da aka samu batir ne ke biyansa. Batirina yana saukowa da zafi, injinan farfela ma haka, kuma gargaɗin raguwar wuta kan fito da wuri duk lokacin da na danna sandar gaba zuwa ƙarshe, domin ƙarfin lantarkin batirin lithium kan faɗi idan aka zuƙe shi da sauri. Wanda ya saba da tsawon lokacin shawagi na asali zai ga bambancin tun a tashin farko.

Abin da ya fi damuna shi ne hoton, wanda dominsa aka sayi jirgin tun farko. Na'urar da ke riƙe kyamara tana daidaita ta tana da iyakar da za ta iya gyara karkata, kuma da aka wuce ta sai layin sararin sama ya riƙa jirkicewa, wani lokacin har ƙarshen farfela ya leƙo cikin bidiyo. Sabbin farfelun ba su daidaita a nauyi yadda ya kamata ba, girgizarsu kuma tana sa gine-gine su riƙa malkwaɗewa a hoto. Gilashin rage haske ya ɗan sassauta matsalar, amma bai kawar da ita ba. Ga kuma na'urorin hango cikas, waɗanda dama a kashe suke a saitin gudu na jirgin, yayin da nisan da jirgin ke ci kafin ya tsaya ya ƙaru sosai.

Akwai kuma batun doka da garanti, wanda mai gyaran bai tsaya a kansa ba. A Turai, jiragen rukunin C0 da C1, wato rukunan da doka ta ware wa ƙananan jirage marasa matuƙi, ba su wuce mita 19 cikin daƙiƙa, don haka taɓa manhajar na iya fitar da jirgi daga rukuninsa. A Amurka, ƙa'idar Part 107 ta hukumar kula da sufurin jiragen sama, FAA, ta kayyade gudu a mil 100 cikin sa'a, kuma farfelu ko batir mai nauyi na iya kai ƙaramin jirgi giram 250, inda rajista ta zama dole ko da don nishaɗi ake tuƙa shi. Garantin kamfani kuwa ba ya ɗaukar ɓarnar da irin wannan gyara ya jawo.

Ga mai ɗaukar bidiyo, ban ba da shawarar ko ɗaya daga cikin biyun ba, kuma na mayar da farfelun asali tare da saitin da jirgin ya zo da shi. Wanda gudu ne muradinsa gara ya nemi jirgin da aka ƙera don haka, kamar DJI FPV na 2021, mai kai kilomita 140 cikin sa'a, ko ya harhaɗa na tsere da kansa, inda injina da batir da gangar jikin jirgin duk an zaɓe su don su jure wannan zafin.