Makarantar unguwa, magnet, cata ko bauca: wacce za ku zaɓa wa yaro a Amurka?

A Amurka adireshin gida ne ke zaɓar wa yaro makarantar gwamnati. Gundumar makarantu tana shata wa kowace makaranta iyakarta titi-titi, har a samu gidaje biyu suna kallon juna amma yaransu ba makaranta ɗaya suke zuwa ba. Kuɗin gudanar da makarantun ma iyakar gunduma yake bi: kusan kashi 45 cikin ɗari daga yankin yake fitowa, galibi harajin gidaje, jiha ta kawo kwatankwacin haka, gwamnatin tarayya kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. A 1973 Kotun Ƙoli ta ƙi rushe wannan tsari a shari'ar San Antonio da Rodriguez, shi ya sa har yau ake ta gardama a kai, iyaye kuma ke neman mafita.

Makarantar unguwa ita ce ma'aunin sauran. Dole ta karɓi yaronku ko da a tsakiyar shekara kuka tare, kuma tun hukuncin Plyler na 1982 ba a hana yaro karatu don ba shi da takardun zama. Kafin ku raina ta, ku buɗe rahoton da dokar ESSA ta 2015 ta wajabta wa kowace jiha wallafawa. Ku dubi ci gaban ɗalibai daga bara zuwa bana, don yawan waɗanda suka ci jarrabawa sau da yawa arzikin iyaye yake nunawa, ba ƙoƙarin malamai ba.

Amma in da hali, magnet nake ba da shawara. Makarantar gwamnati ce cikakkiya a ƙarƙashin gunduma, kyauta, sai dai tana ɗaukar yara daga unguwanni daban-daban, kuma tana da fannin da ta ƙware a kai: kimiyya, fasahar zane da kiɗa, harsuna biyu, ko tsarin Montessori. An yawaita su a shekarun 1970 don haɗa baƙaƙe da fararen yara ba tare da tilas ba. Abin da ya fifita ta shi ne yaro ya tsallake iyakar unguwa, haƙƙinsa na biye da shi: darasin Turanci ga sabon zuwa, takardar IEP (tsarin karatun da ake rubuta wa yaro shi kaɗai) ga mai buƙata ta musamman, da hukumar gunduma da za a kai wa ƙara.

Shigarta na da ƙa'ida. Yawancin gundumomi suna buɗe neman gurbi tsakanin kaka da hunturu, domin shekarar da za ta fara a Agusta ko Satumba, wanda ya makara kuwa sai jerin masu jira. Ku cike duk guraben zaɓin da fom ya bayar, bisa yadda kuka fi so, domin rubuta makaranta ɗaya tak ba ya ƙara muku sa'a. Galibi ƙuri'a ake jefawa, ana fifita mai ɗan'uwa a ciki ko na kusa, wasu kuma sai da jarrabawa. In gurbi ya fito, 'yan kwanaki ake bayarwa a amsa, don haka ku riƙa duba imel har akwatin tarkace. Ku tambaya ko makarantar gaba ɗaya ce magnet ko aji biyu ne kawai a cikin babbar makaranta. Sai mota, wadda ita ce ke karya lagon mutane da yawa: wasu gundumomin bas ɗinsu ba ya zuwa ƙofar gida, a wata makaranta yake tsayawa da sassafe. Ku samu wurin tsayawa da lokacin a rubuce kafin ku amsa. Tsarin tsallaka gunduma, wato sa yaro a makarantar wata gundumar, da jihar Minnesota ta fara a 1988 shi ma yana da kyau, sai dai a yawancin wurare kai yaro ya rataya a wuyanku.

Cata, wato makarantar da gwamnati ke biya amma wata ƙungiya mai zaman kanta ke gudanarwa bisa izini, wadda ita ma Minnesota ta fara yi wa doka a 1991, kyauta ce, akwai nagartattu, amma ana iya rufe ta. Bauca, wato tallafin gwamnati don biyan makarantar kuɗi, daga ta birnin Milwaukee a 1990 zuwa ta Arizona da aka buɗe wa kowa a 2022, tana iya biyan makarantar addini, har ta Islamiyya in ta shiga tsarin, sai dai sau da yawa ba ta cika kuɗin makaranta, kuma makarantar na da ikon ƙin yaro. Mai IEP da ya koma makarantar kuɗi ya rasa haƙƙin da dokar IDEA, ta ilimin yara masu buƙata ta musamman, ta ba shi a ta gwamnati. Karatun gida kuwa sai mai lokaci.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Kada ku ari adireshin ɗan'uwa ko aboki, komai matsi. Gundumomi suna neman takardar haya da ta kuɗin wuta, wasu har masu bincike suke ɗauka su tsaya a mota da safe su ga gidan da yaro ya fito. A 2011 wata uwa a Akron ta jihar Ohio ta yi kwana tara a gidan yari saboda ta rubuta adireshin mahaifinta. Wanda ya ce zai sayar muku da adireshi ko ya nemo muku gurbi a ƙuri'a da kuɗi, ɗan damfara ne, neman gurbin kyauta ne. Iyalin da suka rasa muhalli suna raɓe a gidan wasu ba sa bukatar ƙarya ma: dokar McKinney-Vento ta ba yaron damar ci gaba a makarantarsa.

Kada kuma ku kama haya bisa maganar dillali ko sunan makarantar da shafin tallan gidaje na Zillow ya nuna. Makin 1 zuwa 10 da shafin GreatSchools ke ba makarantu ba alkawarin gurbi ba ne. Ku sa lambar gidan a shafin gundumar da kanku, sannan ku karanta bayanan taron hukumarta, don in ana shirin sake shata iyaka ko rufe makaranta, nan ake fara maganar.

Makarantar intanet mai rabon kwamfuta kyauta ita ce ta fi bukatar sa ido. ECOT, wata catar intanet ta Ohio, ta rufe a Janairun 2018, tsakiyar shekara, bayan jiha ta gano an biya ta kuɗin ɗaliban da ba a tabbatar suna karatu ba, yara kusan dubu 12 suka shiga neman makaranta. Duk catar da kuke dubawa, ku tambayi hukumar da ta ba ta izini, shekarar da izinin zai ƙare, da malamai nawa suka bar aiki bara. In ta kuɗi ce, ku nemi jimillar kuɗin shekara a rubuce, har da rajista, yunifom da mota, ku kuma tabbatar da ƙungiyar da ta tantance ta a shafin ƙungiyar kanta.