Tiyon JCB: na kamfani ko na matsi?

Alhaji, ka ce tiyon mai guda biyu sun fashe a gindin hannun haƙa na motar haƙarka JCB, kana tambayar wanne za ka sa. To, tsakanin yin odar tiyon kamfani daga Yamai ko Kano da kai tsohon a yanka maka sabo a matse masa kawunan ƙarfe a nan Damagaram, na matsi zan ce ka yi. Sai dai akwai sharuɗɗa, ka bi ni a hankali.

Tawa JCB ƙirar 3CX ce irin taka, tsohuwa, ta Kwatano ta shigo. Wata bazara muna haƙa harsashin gini a hanyar Mirriya, ka dai san dutsen garin nan ba ya wasa da bokiti, sai tiyon silindar hannun haƙa ya fashe daidai gindi, inda hannun yake juyawa. Mai ya wanke bayan motar tas. Muka kwance shi muka kai wa wani dattijo mai injin matsi a cikin gari. Bai tambaye ni kuɗi ba sai da ya goge jikin tsohon da tsumma ya karanta rubutun, ya auna tsawo daga kai zuwa kai, ya duba yadda gwiwoyin biyu suke fuskantar juna. Yaronsa ya ɗauko wani naɗi, ya ce masa mayar, wannan mai waya ɗaya ne. Da ya yanka sabon ya hura cikinsa da iska, ya matse, ya auna kaurin matsin, sannan ya ɗaure bakunan da leda don ƙura. Kafin la'asar mota ta koma rami. Tiyon nan har yau yana jikinta, ya sha zafin Afrilu ba sau ɗaya ba, ko gumi bai yi ba.

Na kamfani fa? Yana da kyau, ba zan ce ba shi da kyau ba, tsawonsa daidai yake zuwa. Amma kuɗinsa ya ninka, ga jiran mota daga Yamai, kusan kilomita 900, direba na zaune, mai aiki na kiran waya.

Inda ake faɗuwa a na matsi shi ne irin robar. Kada ka ce a ba ka tiyo kawai, rubutun jikinsa za ka karanta. Wanda aka rubuta 1SN ko R1 layin wayar ƙarfe ɗaya ne a cikin robar, 2SN ko R2 waya biyu, 4SP kuwa huɗu. Matsin man 3CX yana kaiwa wajen bar 250 (bar shi ne ma'aunin matsi), gwargwadon shekarar ƙira. Mai rabin inci idan 1SN ne bar 160 yake ɗauka, ka ga tun a nan ya faɗi. Idan 2SN ne yana ɗaukar 275, ya isa. To amma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, tiyo na ƙara faɗi ƙarfinsa na raguwa. Wannan 2SN ɗin dai, idan ya kai inci uku bisa huɗu, bar 215 ne iyakarsa, idan inci ɗaya ne 165. Saboda haka manyan da suke fitowa daga famfo 4SP suke so, shi a inci uku bisa huɗu yana ɗaukar 350. Idan mai matsin ba shi da 4SP da kawunan da suka dace da shi, wannan guda ɗayan na yarda ka yi odar na kamfani ka jira.

Kawunan ma a duba. Tsofaffin JCB yawanci irin haƙoran noti da ake kira BSP gare su, Caterpillar kuma ta fi amfani da mai shafaffen baki da zoben roba, ga kuma wani irin da ake kira JIC. A ido sun yi kama, wani ma zai fara shiga zagaye ɗaya ko biyu, makanike ya sa ƙarfi ya cinye haƙoran silinda. Shi ya sa tsohon tiyon ake ɗauka a tafi da shi, ba hoto a waya ba.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa: ka yi hattara da wasu masu sayarwa, nan da Kano duka. Akwai mai buga sunan kamfanin Gates ko Parker a kan robar da ba ta san hanyar kamfanin ba. Ka ce a yanka bakin a gabanka, ka ƙirga layin waya da idonka. Akwai mai sayar da naɗin da ya shekara da shekaru a rana. Ka lanƙwasa shi, idan ka ga ƙananan tsagu a fatar, ajiye masa kayansa. Tiyon kirki akwai lokacin ƙira a jikinsa, kamar 2Q23, wato wata uku na biyu na 2023. Akwai kuma mai yanke kan tsohon tiyo ya wanke da fetur ya matse maka a kuɗin sabo. Na jikin motocin da aka farfasa kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka ɗaura, ba ka san shekarunsa ba.

Yanzu ga abin da ya fi komai a wurina. Yawancin tiyon da na ga ya mutu a garejin garin nan ba asalinsa ne ya kashe shi ba, ɗauri ne. Na kamfanin ma idan aka ɗaura shi a murɗe ba zai daɗe ba. Kafin a kwance komai a ɗauki hoton yadda suke kwance, a sa wa kowanne alama, a riƙa canza su ɗaya bayan ɗaya. Wajen ɗaurewa kile biyu ake sa wa, ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya juya noti. Rubutun jikin tiyon shi ne shaidarka: idan ya tafi a miƙe, lafiya lau, idan ya nannaɗe kamar wankin da aka matse, a sassauta a sake. Kada a ja shi ya yi tsam, domin idan mai ya shiga da ƙarfi tiyo yakan gajarce, har kashi 4 cikin ɗari, kuma a bakin kai zai tsinke. Kada kuma a bar shi da tsawon da zai riƙa lilo yana gogar ƙarfe. Mai rabin inci 2SN ba a tanƙwara shi fiye da gwiwa mai faɗin santimita 18 daga tsakiya, kuma tanƙwarar kada ta fara daga bakin kai. Idan wurin ya matse, a sa kai mai gwiwa.

Gindin hannun haƙa nan ne makabartar tiyo. Can suke cunkushe, suna juyawa hagu da dama duk yini, ga yashi na shiga tsakaninsu yana ci. A mayar da mariƙansu duka, na san yaran gareji da jefar da su wai ɓata lokaci ne. A naɗe musu rigar roba inda suke haɗuwa. Bayan an gama, direba ya ɗaga hannun a hankali har ƙarshe, ya naɗe shi, ya juya kowane ɓangare, ya zame shi zuwa gefe da gefe, kai kuma kana tsaye daga nesa kana kallon wanda ya ja ko ya maƙale.

Kafin a taɓa noti kuwa, bokiti biyun da ƙafafu su sauka ƙasa, a kashe inji, a kaɗa sandunan aiki gaba da baya har matsin ya fita. Kuma don Allah ka hana yaranka neman yoyo da hannu, kwali ake karawa. Man da ya fito ta ƙaramin huji yana huda fata, ciwon ba ya nuna girmansa da farko, amma yana iya cin yatsa. Wanda ya samu haka a wuce da shi babban asibiti nan take, a gaya wa likita man inji ne ya shiga.

Tunda ka ce biyu ne suka fashe a gindin, ka canza har maƙwabtansu, sa'o'in juna ne. Ka sa a matse maka guda ɗaya na ajiya ka jefa bayan kujera da bakinsa a ɗaure. Ka turo hoton rubutun jikin tsohon a nan, in duba maka ko 2SN zai yi ko sai 4SP.