Wata 14 ina hira da maki ɗaya: abin da na gani a saƙon muryar WhatsApp

Ranar da za a kwashe su zuwa bakin daga, sojan da nake jira ya yi mini alkawarin kira kowane dare. Alkawarin bai cika sati biyu ba ya watse, kuma ba laifinsa ba ne. Inda aka sauke su, sai mutum ya hau tudu ko saman mota yake samun sabis, shi ma kara ɗaya tal. Ya kira, in ɗauka jiki na rawa, mu yi ta "Kina ji na?" "Ina jin ka, kai kana ji na?" har layi ya yanke. Akwai ranar da kiransa ya shigo ina wanka. Na fito na tarar da shi a fuskar waya, na bi sawu ya fi sau ashirin, a kashe. Kwana 11 kafin in sake jin ɗuriyarsa.

Daga nan muka haƙura da kira, muka koma saƙon murya. Yau wata 14 ke nan, don haka ina ganin na isa in faɗi ra'ayina a kansa.

Babban alherinsa shi ne ba ya neman ku haɗu a lokaci ɗaya. Shi yana ɗaukar nasa duk sa'ad da ya sami sararin zama, ko da babu sabis. Saƙon ya tsaya a wayarsa da 'yar alamar agogo a gefe, ranar da ya hau tudu kuwa duk su taso da kansu. Sai in ji waya tana ta ƙara a jere, guda bakwai, guda tara. Nawa ma haka suke taruwa suna jiransa. Ga shi ba ya cin data: na minti ɗaya bai kai rabin megabait ba, shi ya sa yake kutsawa ta sabis ɗin da hoto ma ba ya iya bi, balle bidiyo. Tun 2013 aka saka wannan tsari a manhajar, amma ni da can ban ɗauke shi a bakin komai ba, a wurina abin masu ƙiwar rubutu ne.

Rubutu kuwa mun gwada. Matsalarsa, soja ya iya rubuta "lafiya lau nake" ko da ƙafarsa na naɗe da bandeji. Murya ba ta iya wannan ƙaryar sosai. Na san "lafiya lau" ɗin mutumin da ya yi barci, na san ta wanda ya kwana a tsaye. Akwai saƙon da ya turo mai daƙiƙa 40, bai ce komai ba sai tambayar jikin mahaifiyata, amma ya haɗiye yawu sau biyu a tsakiya. Ban tambaye shi ba. Bayan wata guda shi da kansa ya gaya mini ranar ce suka rasa abokin da suke kwana a tanti ɗaya. Kuma murya takan zo da abin da ke bayanta: iska tana kaɗa tamfol, wani yana dariya can nesa yana cewa "a gaishe da madam". Wannan dariyar ta fi kwantar mini da hankali fiye da duk rantsuwar da zai yi cewa suna nan lafiya.

Wajen ɗauka, ana danna alamar makirfo a ja ta sama ta kulle, sai a yi magana ba tare da riƙe yatsa ba. Daga baya aka ƙara damar dakatar da ɗauka a ci gaba, da kuma sauraron abin da ka faɗa kafin ka tura. Wannan ya cece ni daga tura kuka sau da yawa, don mutumin da ke riƙe da bindiga ba ya bukatar a ɗora masa shesshekata. Sai dai wata rana ya ce, "Ke wai ba kya kewata ne? Kullum muryarki kamar mai karanta labarai." Tun ranar na rage gogewa. Maɓallin saurin nan na 1.5 da 2 kuwa ban taɓa taɓa shi a kan muryarsa ba, na bar wa goggonnina masu saƙon minti tara.

Inda abin yake da zafi shi ne makin nan, wato 'yar alamar da ke fitowa a gefen saƙon da aka tura. Maki ɗaya, saƙo ya bar wayarki. Biyu, ya shiga tasa. Shuɗi, ya buɗe. An yi shi ne don mutanen da ke zaune lafiya su san an ga saƙonsu, amma ga mai jiran soja ya zama wani abu dabam. Na sha farkawa ƙarfe uku na dare in duba ko ɗaya ya zama biyu. Maki ɗaya yana iya nufin babu caji, ko an karɓe wayoyi kafin a fita aiki, ko kuma abin da ba na so in faɗa da bakina, kuma duk kamarsu ɗaya a fuskar waya. Na ɓoye lokacin da aka gan ni na ƙarshe, wanda hakan ya sa ni ma na daina ganin nasa, na ɗan sami sauƙi. Makin kuwa yana nan, zuciyata ce dai na koya wa duba sau biyu a rana, safe da dare. Ba kullum take jin magana ba.

Akwai ƙa'idar da ya kamata duk mai irin halina ta sani: saƙon da bai isa ba, kwana 30 ake ajiye shi ana ƙoƙarin isarwa, daga nan a share. Asusun da ya yi kusan kwana 120 bai hau intanet ba shi ma ana iya rufe shi. Shirunmu mafi tsawo kwana 26 ne, na riƙa ƙirgawa a kalanda, na shirya in sake tura tsofaffin idan wata ya cika. Allah ya sa ba mu kai ba.

Tun 2016 saƙonnin a kulle suke daga waya zuwa waya, ko kamfanin ba ya iya saurare. Amma kulle ba ya hana waya faɗuwa a hannun da bai dace ba, don haka bai taɓa faɗin sunan inda suke ba, ni ma ban taɓa cewa ya turo mini taswira ba. Shi ne ya ba ni labarin yadda a 2018 taswirar wata manhajar motsa jiki, Strava, ta fito da siffar sansanonin soja saboda kawai sojoji suna kunna ta in za su yi gudun safe. A yaƙin duniya na biyu akwai jami'in da aikinsa shi ne karanta wasiƙun sojoji yana yanke abin da bai kamata ba. Mu babu mai yanke mana, kowa shi ke tsare bakinsa. Saƙon murya mai ɓacewa bayan ji ɗaya da aka kawo a 2023 yana da amfani ta wannan fuskar, amma ni ba na son sa. Abin da zan saurara sau talatin nake nema.

Rigima ce ba ta yiwuwa da kyau ta nan. Na taɓa tura masa minti huɗu na ƙorafi a kan ya manta ranar haihuwata. Washegari na huce, na so in janye, sai na ce bari dai ya ji. Kwana tara saƙon yana hanya. Ya isa a ranar da ya dawo daga aiki a galabaice, ya amsa da zafi a kan fushin da ni na riga na manta, amsar ta same ni ina cikin farin ciki. Sai da muka ɓata kusan wata guda muna gyara abin da minti biyar na ido da ido zai kashe. Yanzu in raina ya ɓaci nakan ɗauka a manhajar rikodin waya, in bar shi ya kwana. Mafi yawansu ba sa ganin safiya.

Babbar asarata kuwa ni na jawo ta. Ban kunna ajiyar Google Drive ba, wayata ta faɗa ruwa, saƙonnin wata biyar na farko suka tafi, har da wanda ya fara cewa in jira shi. Tasa wayar ya riga ya share su don wuri ya ƙare masa. Yanzu ajiyar tana tafiya kowace rana, waɗanda na fi so kuma nakan sa musu tauraro. Sun kai 63.

Na daren jiya yana nan da maki ɗaya, na bakwai a layi. A ciki na gaya masa ɗinkin da na gama, da haƙorin da ke damuna, na kuma tambaye shi ko tarin nan ya sake shi.