Dogon Hutu a Jos: Ina Za Ka Kai Yaro Ya Koyi Aikin Hannu?

Da zarar zango na uku ya kusa ƙarewa, sai takardun talla su fara shigowa gida cikin jakar yara. Wannan ta ce kwamfuta da kodin cikin mako shida, waccan ta ce haɗa sola, wata kuma ta manna hoton ɗan Bature riƙe da mutum-mutumi. Bara waccan irin wannan takarda ta ci ni. Na biya wa ɗana, lokacin yana aji ɗaya na babbar sakandare, kuɗin wani kwas a saman wani bene da ke cikin gari. Mako uku da farawa na ce ya kawo abin da suka yi in gani. Sai ya miƙo mini littafi cike da rubutu: ma'anar kwamfuta, ire-iren kwamfuta, tarihin kwamfuta. Na ce, "To ita kwamfutar fa?" Ya ce, "Baba, guda biyar ce, mu kuma mun fi talatin. Ran Alhamis layi ke zuwa kanmu, in akwai wuta."

Cinikin biri a sama na yi, don ban taɓa hawa benen nan ba sai da kuɗina ya shige. Tun daga lokacin tambaya ɗaya nake fara yi a duk inda na je: a mako guda, awa nawa hannun yaron zai yi a kan kayan aiki? Ba awa nawa zai yi a aji ba. Da wannan ma'auni na auna duk wuraren da zan ambata a nan.

Cibiyoyin kwamfuta masu zaman kansu su suka fi yawa, kuma a nan iyaye suka fi ruɗewa, saboda kalmar "kwamfuta" ta haɗiye abubuwa uku da ba su da haɗi. Akwai koyon sarrafa ta, wato buga rubutu da su Word da Excel. Akwai zane, irin na CorelDraw da Photoshop da masu buga katin biki da fosta ke ci da shi. Sannan akwai rubuta manhaja, wanda yara ke kira kodin. Na farkon kada a raina shi: tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB gaba ɗaya, kuma yaron da bai saba da linzami ba zai ɓata mintoci yana kokawa da shi alhali ya san amsa. Amma wannan aikin mako uku ne ko huɗu, bai kamata a saye shi da farashin kodin ba.

Shi kuwa kodin, ga abin da masu talla ba sa faɗa. Scratch, wadda ake fara koya wa yara da ita, jami'ar MIT ta Amurka ce ta samar da ita kuma kyauta ce. In an sauke ta a kwamfuta ko intanet ba ta buƙata. Python ma kyauta ne. Ke nan kuɗinka abu uku kawai yake saya: malami, kujera a gaban kwamfuta, da wuta. Don haka ƙirga kwamfutocin da idonka, waɗanda ke kunne, ba waɗanda aka lulluɓe da leda ba. Tambayi janareta gare su ko sola. In sun ce suna koyar da mutum-mutumi, yawanci ɗan allon nan ne da ake kira Arduino. Ce a fito maka da su a kan tebur. Yara biyu ko uku a kan ɗaya ba laifi. In goma ne, to ɗaya ke koyo, tara 'yan kallo ne. Kuma ka nemi ganin aikin ɗaliban da suka gama, yaron ya yi maka bayani da bakinsa, malam ya yi shiru.

Wani abin da nake gaya wa 'yan'uwa ko da ba su so: in babu kwamfuta a gida, kodin na dogon hutu yakan zube kafin zango na ɗaya ya ƙare. Abu ne da sai ana yi kullum. In har za ka saya, 'yar Beljiyam mai RAM 8, wato ƙwaƙwalwar aiki, da ma'ajiya mai sauri da ake kira SSD, ta fi sabuwa fil mai RAM 4 amfani. In ba hali, gara ka dubi wani fannin, ba abin kunya ba ne.

Bayan cibiyoyin kwamfuta, sai hanyar da iyayenmu suka sani: a kai yaro wurin oga. Masu gyaran waya na nan birjik a Terminus da titin Ahmadu Bello, kanikawa da masu walda a Dilimi da Farin Gada, kafintoci a Katako. Ta fuskar awannin hannu, babu cibiyar da ta kama ƙafar shago. Wayar da ta faɗa ruwa ta gaske ce, mai ita kuma yana tsaye yana huci. Sai dai shago yana da nasa ciwon. Makonnin farko kan tafi a aike: sayo abinci, karɓo sikirin a wancan layi, share gaban shago. Oga kuma sau da yawa ya iya yi amma bai iya faɗin dalili ba. Zai ce canza wannan, ba zai ce me ya sa ba. In wata biyu kacal ke gare ka, dole ka zauna da shi tun farko ku yi magana ta fahimta.

Ni ga yadda nake yi. Nakan je da yaron, mu gaisa, in ce, "Oga, amana na kawo maka, amma ɗan makaranta ne, Satumba zai koma. Me zai iya yi da hannunsa kafin nan?" Wanda ya ce zai iya buɗe waya ba tare da ya yaga kebur ba, ya canza wurin caji da sikirin, ya riƙe ƙarfen dalma daidai, wannan ya san abin da yake faɗa. Wanda ya ce zai zama injiniya, ka yi masa godiya ka wuce. Sannan a yanke lokacin tashi, saboda Islamiyya da kuma ruwan Agusta na Jos da ba ya sallama. A yanke wa zai biya in yaro ya fasa sikirin ɗin mutane, don wannan kan haɗa faɗa tsakanin mutanen kirki. Ka dubi yaran shagon ma, su zai kwaikwaya fiye da ogan. Wayar mutane akwai sirrinsu a ciki; shagon da ka tarar yara sun haɗa kai suna leƙen hotunan kwastoma, ko kyauta ake koyarwa kada ka bar ɗanka. Kuma a nuna masa tun ranar farko cewa batir da ya kumbura ba a huda shi, wuta yake kamawa.

Sola ita ce aka fi rububi a kanta yanzu, kuma da dalili: duba rufin shaguna da masallatai daga Anguwan Rogo zuwa Rikkos. A nan ana samun duka biyun, ajin da ake biya da kuma bin mai haɗawa wurin aiki. Gwajinta kuwa ya fi sauƙi. Na taɓa shiga wani aji ana saura mako guda a yaye ɗalibai, na roƙi malamin ya bar ni in yi wa ɗaya tambaya. Na nuna batir na ce ya auna mini. Yaron ya ɗauki mita, na'urar auna wuta, yana juya ta, bai san inda zai murɗa ba. A wani wurin kuwa wata yarinya ce ta karɓa, ta murɗa, ta ɗora ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, ta ce bolt 12.6, a cike yake. Na ce in aka jera biyu, kan wannan a wutsiyar wancan fa? Ta ce ya zama tsarin bolt 24. Na ce fanka mai wat 60 in ta yi awa biyar? Ta ce wat-awa 300 za ta ci, ko takarda ba ta nema ba. Ta ƙara da cewa batir ake fara haɗa wa kwantirola, na'urar daidaita caji, kafin fanel, wato farantin sola. Wannan lissafin shi ne sana'ar. Ɗaure fanel a rufi kowa ma zai iya. Shi ya sa a sola na fi son a haɗa: mako biyu ko uku na aji don lissafi, sauran a bi oga. Sharaɗina guda, ɗan sakandare ba ya hawa rufin kwano da damina, ba ya kuma taɓa wayarin gida sai an kashe wuta, kuma babban mutum na tsaye.

Kafin ka kashe ko sisi a waje, leƙa makarantar yaron. Tun manhajar 2011 aka sa darussan sana'a 34 a babbar sakandare, kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya. A 2025 gwamnatin tarayya ta rage su zuwa shida: haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. A takarda abin ya yi kyau. Amma mu da muka yi makaranta a zamanin tsarin 6-3-3-4 mun san labarin: a tamu makarantar injinan koyon fasaha na nan cikin akwatunan katako har muka fita, zanensu kawai muka yi a littafi. To ka tambayi wanne daga cikin shidan makarantar ta ɗauka, ka ce a buɗe maka ɗakin aikin. In akwai abin kirki, sai kwas ɗin hutu ya bi wannan layin, ya taimaki yaro a jarrabawa. In babu, aƙalla ka san cewa kai ne za ka nemo masa.

Kwalejin fasaha kuwa ba maganar hutu ba ce, maganar shekara uku ce, kuma a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare ake yanke ta. Muna da tsohuwar kwalejin gwamnati a Bukuru, wadda aka fi sani da BUTECH. Ɗaliban irin waɗannan makarantu jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa, suke rubutawa, kuma ana neman gurbi da sakamakonta a kwalejin kimiyya da fasaha har da jami'a, kamar yadda ake yi da WAEC da NECO. Na faɗi haka ne don har yanzu akwai masu ganin nan ake tura yaron da boko ya ƙi. Yaron da ya kwance rediyon gida tun yana firamare, wannan hanyarsa ce, ba hukunci ba. A nan ma dai ka je ranar aiki ka ga ko injinan na motsi.

Za a ce maka ga ITF, asusun gwamnati na horas da ma'aikatan masana'antu, tunda hedikwatarta a Jos take, kan titin Miango, tun 1971 kuma take wannan harka. Ga kuma NDE, hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa. Gaskiya ne, amma shirye-shiryensu sun fi karkata ga matasan da suka gama makaranta, masu sana'a, da ɗaliban manyan makarantu. Ajiye su a rai don gaba.

Maganar 'ya'ya mata: da an ce sana'a sai a ce ɗinki ko girki. Ɗinki sana'a ce mai albarka, kuma keke ɗaya a ɗaka ya isa a ci gaba da koyo, abin da kodin bai da shi. Amma da ƙanwata ta ce mini, "Yaya, yarinyar nan gyaran waya take so, ya zan yi da ita?" cewa na yi a bar ta. Mata nawa ne ke jin nauyin miƙa wayarsu ga namiji a kasuwa? Abin dubawa shi ne wurin: ajin da akwai wasu matan, kusa da gida, a tashi kafin la'asar.

Satifiket mai jan zare da tambarin zinare da cibiya ke bayarwa ado ne a bango, kada a ƙara maka kuɗi saboda shi. Wanda ke da nauyi shi ne na NABTEB, ko takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya mai mataki uku. Kuma ka sa a rubuta maka kuɗin gaba ɗaya a takarda guda, don akwai na fom, na kayan aiki, na riga, na bikin yaye, kowanne sai ka shiga yake ɓullowa. Ka haɗa da kuɗin keke zuwa da dawowa na kwana arba'in. Wani lokacin shi kaɗai ya fi kuɗin kwas, sai ka ga wurin da ke bayan layinku ya fi na unguwar Rayfield sauƙi ko da farashinsu ɗaya.

Bara dai wurin wani mai haɗa sola na kai yaron, bayan ya yi mako biyu a ajin yarinyar nan mai mita. Kayan aiki na saya masa da kaina: mita, filaya, sukudireba biyu. Da sanyin Disamba ya shigo, batirinmu ya fara mutuwa tun kafin asuba, ni kuwa har na fara zargin wanda ya sayar mini. Wata safiya na tarar da shi tsugune a gaban inbata da 'yar takarda. Ya ce, "Baba, batirin lafiyarsa lau. Hitar ruwan wanka ce, ita kaɗai ta fi wat 1,000, kuma kullum da dare ake jona ta." Na ce wa ke jonawa? Ya dubi ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu.