Wata Takwas Ina Girki Da Tukunyar Lantarki Mai Dafawa A Hankali

Farfesun ƙafar saniya ne ya sa na saye ta. Abban yara na sonsa, ni kuwa koyarwa nake yi, ƙarfe 7 na bar gida a Fadaman Mada sai bayan azahar, ga ƙafar saniya da cin gas.

Ta farko gwanjo ce, samfurin Crock-Pot, wanda kamfanin Rival ya fara yaɗawa a Amurka a 1971. Ina jona ta sai ƙauri ya tashi. Mai gyara ya kifa ta ya nuna min rubutun gindinta: wutar Amurka ce, mai ƙarfin volt 120, tamu kuwa 230. Don Allah 'yar'uwa, kafin ki miƙa kuɗi ki duba wannan lambar. Ta biyun sabuwa na saya a kasuwar Wunti, mai cin lita 6, cikinta na tangaran, murfinta gilashi. Mu bakwai ne a gida, tana isarmu.

Bayan sallar asuba nake zuba ƙafar da albasa, attarugu, citta, masoro da daddawa, in sa ta a ƙaramar wuta. Ruwa kaɗan nake sawa, domin tururin ba ya fita, a jikin murfi yake taruwa ya koma ciki. Bayan awa 8 naman na zamewa daga ƙashi da cokali, romon ya yi kauri har yana kama leɓe. Ranar farko Hajiya, surukata, ta ɗanɗana ta ce, "'Yar nan, wannan ai dahuwar murhu ce." Ganda da jelar sa ma haka suke fitowa. Miyar taushen da muke ci da masa ran Juma'a kuwa, kabewar narkewa take yi, sai dai alayyahu a ƙarshe nake zubawa, in ba haka ba ya yi baƙi.

Ban da yawan buɗe murfi, zafin ne ke gudu. Naman firiza kuma sai ya saki gaba ɗaya, don kada ya daɗe cikin ɗumin da ƙwayoyin cuta ke so.

Inda take da matsala shi ne wuta. Wata rana aka ɗauke ina makaranta, na dawo na tarar da kayan ciki sun yi sanyi cikin ruwa, haka na zubar, abin ya yi min ciwo ƙwarai. Yanzu a kan solar gidan nake jona ta, tunda cin wutarta bai kai na dutsen guga ba ko kusa. Wadda ba ta da sola kuma wutar unguwarsu ba ta tsayawa, gaskiya ban ba ta shawarar saye ba.

Ba ta suya, ba ta tuwo, shinkafa kuma caɓewa take yi. Da azumi ne na fi jin daɗinta: in ɗora farfesu da hantsi, ana kiran magariba in kwashe.